Ɗakin da Ake Ajiye Kafet

Kullum safiya hancin Auta yake riga ta farkawa. Tun idonta na rufe za ta fara jero atishawa, wata na korar wata, har sai hawaye sun jiƙa mata matashi. Daga nan ƙaiƙayi ya kama ta a maƙogwaro da can cikin kunne, inda yatsa ba ya kaiwa. Takan zauna a bakin katifa da baki a buɗe, tana jira ƙirjinta ya sake ta kafin ta miƙe.

Ɗakin da take kwana a gidan yayanta ba ƙarami ba ne, kaya ne suka cinye shi. Sana'ar Yaya sayar da kafet da labulen gwanjo, irin waɗanda otal-otal da ofisoshi suke cirewa idan sun yi sabo. Shagonsa ɗan tsugul ne, don haka duk abin da bai samu wuri a can ba ɗakin Auta yake zuwa. Naɗaɗɗun kafet sun hau kan juna har sun kusa taɓa silin, sun toshe tagar gaba ɗaya. Labulaye masu kauri suna cikin buhuna a bayan ƙofa. Ita kuma an bar mata ɗan lungu tsakanin kaya da bango, daidai tsawon tsohuwar katifarta. Da damina ta kankama, ɗakin ya ɗauki wani warin danshi da ba ya fita ko an bar ƙofa a buɗe.

Anti, matar Yaya, daga kicin take jin atishawar, sai ta ce agogon gidan ya buga. 'Yarta Lele, wadda ko firamare ba ta shiga ba, ta iya kwaikwayon gwaggon tata. Za ta runtse ido ta girgiza kai ta yi atishawar ƙarya, iyayenta su yi ta dariya. Auta ma takan yi murmushi, don ba ta ganin laifin yarinyar.

Tana aiki a wani shagon ruwan sanyi da lemo a bakin titi. Ƙasan shagon tayil ne, ita take goge shi da ruwa duk safiya. Kafin hantsi hancinta ya buɗe, idonta ya washe, har ta iya ɗaga kiret tana hira da masu saye. Amma da ta dawo gida da yamma ta shiga ɗaki ta sauya kaya, sai abin ya dawo sabo. Wannan ne Anti ta riƙe a matsayin hujja. Ta sha gaya wa Yaya cewa ciwon ƙanwarsa yana da wayo, ya san hanyar gida, bai san hanyar shago ba. A waje lafiya lau kamar doki, amma da an ce ga wanke-wanke sai hanci ya fara zuba.

A hankali abin ya wuce hantsi. Ta fara zuwa shago da ido ja a kumbure, ƙasan hancinta ya yi ɗanye saboda goga. Wata rana wata mata ta miƙo hannu za ta karɓi lemo, ta dubi fuskarta, ta janye hannun ta tsallaka shagon gaba. Mai shagon, dattijuwa ce mai faɗa amma ba muguwa ba, ta gani. Ta ce mata ta cire rigar aiki ta wuce asibiti yanzu, kada kuma ta dawo mata da labarin ta sha maganin mura.

Likitar mace ce. Ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta leƙa hanci da ido, sannan ta ajiye abin awon ta shiga tambayarta inda take kwana. Auta ta yi mamaki, amma ta faɗa mata komai, har da tagar da ba ta taɓa ganin an buɗe ba. Likitar ta gyaɗa kai. Ta ce ba mura ba ce. Akwai wasu mitsitsin ƙwari da ido ba ya gani, suna zama cikin ƙurar katifa da matashi da kafet da labule, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum. Ba sa cizo. Kashinsu ne da gawarsu suke bin ƙura su shiga hanci da huhu, wani jikin bai damu ba, wani kuma ba ya ɗauka sam. Suna son ɗumi da danshi. Ta nuna mata hoton ɗaya a waya, an ƙara masa girma, wani abu mai ƙafafu kamar kaska.

Ta rubuta mata ƙwayoyi da maganin shaƙa, amma ta ce magani ba zai yi komai ba muddin tana kwana cikin kayan nan. A fitar da kafet, a buɗe taga, a wanke zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana, a riƙa goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya. Kuma ko da wasa kada ta zama ita ce mai kakkaɓe kafet. Ta ƙara da cewa ba ƙazanta ba ce, gidan da ya fi kowane tsafta ma ana samunsu.

Auta ta yi ta juya maganar a ranta a hanya, tana neman ta inda za ta fara. Ta bari sai da Yaya ya ci abincin yamma ya wanke hannu, sannan ta durƙusa a gefen kujera ta faɗa da ƙaramar murya. Ta fara da cewa ba ƙazanta ba ce, amma Anti ba ta ji wannan ba.

"Ƙwari? A gidana?" Ta dafa cikinta da ya tsufa ta gyara zama. "Wato kin je kin zauna gaban likita kin ce gidan matar yayanki ƙwari ne. Tashi ki kamo min ɗaya in gani."

Auta ta ce ai ido ba ya ganinsu.

Anti ta ce to abin da ido ba ya gani aljani ne, shi kuma ba a asibiti ake maganinsa ba. Tunda take ba a taɓa ganin kyankyaso ko kuɗin cizo a ɗakinta ba, kowa a layin nan ya shaida. Yaya ya yi dariya don ya kashe wutar. Ya ce kafet ɗin nan manyan mutane ne suka taka su a otal, idan ma da ƙwari a ciki to ƙwarin masu hali ne, Auta ta gode wa Allah da ta samu irin waɗannan maƙwabta. Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya ce ta yi haƙuri, akwai wanda zai kwashe kayan gaba ɗaya ƙarshen wata.

Maganar ba ta bar Anti ta huta ba. Washegari ta sayo maganin sauro ta fesa a ɗakin har sai da ya yi hazo, ta ja ƙofa ta rufe, ta ce ta ga ƙwaron da zai kwana da rai. Cikin wannan warin Auta ta kwanta. Sannan Anti ta kafa doka, a share ɗakin safe da yamma, a ɗaga buhuna a share ƙarƙashi. Auta ta ce likita ta ce tsumma da ruwa. Anti ta ce ruwa kusa da kayan sayarwa, so take su yi funfuna a ce ita ta jawo wa mijinta asara? Tsintsiya dai da kowa ya sani.

Ranar da Auta ba ta zuwa shago, rana ta fito bayan kwanaki ana ruwa. Anti ta ce yau za a yi ta ta ƙare. A fito da kafet ɗin zuwa tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, a rataya a igiya a buge su, don kada a sake zuwa a ɓata mata suna a asibiti. Auta ta tsaya a ƙofar kicin tana murza bakin mayafinta. Ta ce abin da likita ta fi ja mata kunne a kai ke nan.

"To wa zai yi? Ni da wannan cikin? Ɗakinki ne, ƙwarinki ne."

Auta ta ɗaure hanci da ɗankwali ta ɗauki sanda. Bugun farko ƙura ta tashi fari fat, ta tsaya a cikin hasken rana kamar hayaƙi. Ta buga, ta koma gefe ta yi tari, ta dawo ta buga. Anti ta rufe tagar kicin don kada ƙura ta shiga abinci, ta kira Lele ciki. Ba a yi nisa ba Auta ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya ana ja. Iska tana shiga da ƙyar, fitarta kuma ta fi wuya, da wani ɗan fito kamar na buta a kan wuta. Ta laluba maganin shaƙa a aljihu, ta shaƙa, ta sake shaƙa, bai kai ko'ina ba. Ta so ta kira Anti, murya ta ƙi fita. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

Maƙwabciyarsu ce ta hango ta ta saman katanga lokacin da take shanya. Ita ta yi ihu, ita ta tsayar da mota.

A asibiti aka sa mata abin rufe hanci da baki mai fitar da tururi. Yaya ya iso a firgice, takalminsa ma ba iri ɗaya ba. Auta ta gan shi a bakin gado yana share gumi, ta ji tausayinsa, ta kuma ji sanyi a ranta, don ta ɗauka yau dai ya gani da idonsa. Likitar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce asma ce take neman kama yarinyar sosai, kuma irin wannan tashin yana iya tafiya da mutum kafin a kai shi asibiti. Ya yi ta cewa to, to, in sha Allahu. Ya rantse kafin a sallame ta babu kafet ko ɗaya a ɗakin.

Da aka sallame ta, kafet ɗin suna nan, har da waɗanda ta buge an mayar. A mota Yaya ya yi mata bayani yana kallon titi. Mai sayen ya ɗaga zuwansa. Rufin shago yana yoyo. Siton bayan kicin ba shi da ƙofar kirki, ɓera zai yi ɓarna. Kuma ta sani da kayan nan ake ci ake sha a gidan, har da maganin da ke hannunta. Ya buɗe aljihun mota ya miƙo mata ƙunshin takunkumin fuska, ya ce ta riƙa sawa idan za ta kwanta, ai likitoci ma da shi suke yini.

Anti kuwa ta samo sabon bayani. Sanyin firjin shago ne ya shiga ƙirjin yarinyar, ita tun farko ta faɗa. Ta gaya wa maƙwabciya haka, ta gaya wa duk wanda ya zo dubiya. Auta ta roƙa a bar ta ta riƙa kwana a falo. Anti ta ce budurwa baligiya a miƙe a falo, maigida na wucewa, baƙi na sallama da sassafe, wannan ba tarbiyya ba ce. Auta ta ce to kicin. Anti ta ce da wannan tarin, kusa da tukwane?

Haka ta koma lungunta. Takunkumin yakan zame kafin barci ya yi nisa. Ta daina kwanciya sosai, sai dai ta jingina da bango, don a zaune numfashin ya fi sauƙi. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. A shago ta fara gyangyaɗi a tsaye, ta daina iya ɗaga kiret. Mai shagon ta rage mata aiki, amma ta ce ba za ta iya riƙe mutum biyu a aikin mutum ɗaya har abada ba. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne ta san ciwonta, ta san maganinsa, tana kwana tana kallonsa a naɗe a gefenta, kuma ba ta da ikon matsar da ko ɗaya.

Ana haka Anti ta haihu. Gadon jariri ya shiga ɗakin iyayen, aka ce Lele ta girma, ta koma wajen gwaggonta. Auta ta ce don Allah kada a kawo yarinyar ɗakin nan. Anti ta ce ikon Allah, gidan uban yarinya, amma ana yi mata rowar wurin kwana. Aka matsa buhu biyu aka shimfiɗa wa Lele 'yar katifarta.

Ba a yi mako ba, wata safiya Auta ta ji fito a ɗakin, ta saurara, ta gane ba daga ƙirjinta yake fitowa ba. Lele ce a zaune, ido a kumbure, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Ba ta ma iya kuka ba. Auta ta sungume ta ta buga ƙofar Yaya da ƙafa.

Kafin azahar sun dawo daga asibiti, yarinyar ta samu sauƙi tana barci a kafaɗar ubanta. Kafin la'asar ga leburori a tsakar gida. Mai sayen da ake jira bai zo ba, rufin shago bai daina yoyo ba, amma wuri ya samu. Rabin kayan aka loda a mota aka kai shago, sauran aka tura siton bayan kicin, kafinta yana gyara ƙofar. Aka kira mata biyu suka wanke ɗakin da ruwa da sabulu tun daga bango. Da aka ɓalle tagar sai da ta yi ƙara, iska ta shigo, ashe bishiyar lemun tsamin maƙwabta tana daf da ita.

Auta ta tsaya daga nesa da takunkumi tana kallo. Tana jin Anti a falo, da jariri a cinya, tana yi wa masu barka bayani. Wasu ƙwari ne mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu, a kafet suke zama. Ba ƙazanta ba ce, gidan da ya fi kowane tsafta ma ana samunsu. Kuma shara da tsintsiya ƙara tayar da su take yi, mutane ne ba su sani ba. Matan suna ta jinjina kai. Auta ta gyara takunkuminta. Ko ta bakin wa gaskiyar ta fito, ita dai yau za ta kwanta ta miƙe.

Da yamma aka shigo da sabuwar katifa babba a cikin ledarta. Auta ta je ɗauko jakar kayanta ta jera, ba ta gan ta ba. Anti ta kira ta, ta yi magana a hankali kamar mai lallashi. Ta ce mahaifiyarta tana hanya, za ta zauna ta taya ta jego, ita za ta riƙa kwana da Lele. Ɗakin ba zai ɗauki mutum uku ba, likita ta ce yarinyar tana bukatar iska. Kuma tsohuwar katifar Auta cike take da ƙwarin, ba za a mayar da ita can ba. An kai mata ita sito tare da jakarta, an gyara mata wuri mai kyau. Na ɗan lokaci ne.

Auta ta je ta leƙa. Siton ba shi da taga, sai 'yan ramuka a saman bango. Kafet a dama, buhunan labule a hagu, katifarta a tsakiya. Har an shimfiɗa mata zani.

Ta daɗe a tsaye a ƙofar. Sannan ta ja numfashi ta riƙe, ta shiga ta fizgo jakarta ta fito. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta wanke barandar gaban gida, wadda take kallon titi, ta goge ta tas. Ta shimfiɗa tabarmar roba, ta ajiye jakar a matsayin matashi, ta zauna. Anti ta leƙo ta ce wane irin hauka ne wannan, ta tashi mutane na wucewa. Auta ba ta motsa ba. Maƙwabciya ta fito zubar da ruwa, ta tambaya ko lafiya. Auta, wadda ba ta saba haɗa ido da kowa ba, ta ce lafiya lau, a nan za ta riƙa kwana, an ba Lele ɗakin, sito kuma kafet ne a ciki. Matar ta dubi ƙofar gidan, ta dubi Auta, ta koma ciki ba ta zubar da ruwan ba.

Bayan magariba Yaya ya dawo daga masallaci ya same ta. Ya tsaya a kanta yana magana ƙasa-ƙasa, yana waigen titi. Ya ce so take ta tona masa asiri a unguwa? Me ya rage ta da shi? Ci ko sha? Ta yi haƙuri mana a gama jegon nan, komai zai daidaita.

"Yaya," ta ce, "da aka ce maka Lele ce, yini ɗaya ya ishe ka."

Ya ce ai Lele yarinya ce.

"Ni ma da hancin nan nake numfashi."

Wasu mutum biyu da suka fito daga masallaci suka rage tafiya suka yi masa sallama, idonsu a kan tabarmar da jakar. Ya amsa da fara'ar dole, ya jira suka yi nisa. Hadari ya fara haɗuwa, iska tana kaɗa bakin tabarmar.

"Tashi ki shiga falo," ya ce. "Ki kwana a can yau."

Auta ta ɗaga kai ta dube shi.

"Gobe fa?"

Yaya ya dubi makullin da ke hannunsa, yana juya shi. Daga ciki jariri ya fara kuka, Anti tana kiran a zo a rufe ƙofa sauro na shiga. Auta ta jira amsar. Da ba ta zo ba, ta jawo mayafinta ta rufe ƙafafunta, ta gyara zama a kan tabarmar.